Hannun da Ya Fito ta Taga

Nasarawa GRA,
Kano.

Zuwa ga autana Kamalu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Rukayya da takwarata Ummi. Allah ya sa canjin wurin aikin nan da aka yi maka zuwa Inugu alheri ne. Ya tsare ku a hanya, ya tsare ku a masauki, ya haɗa ku da maƙwabta na gari.

Na san za ka yi dariya. Gida ɗaya muke, tagar sashenka tana kallon tawa, amma na zauna ina rubuta maka wasiƙa kamar kana wata uwa duniya. Kai ka jawo. Duk sanda na buɗe baki a kan tuƙi sai ka ce, “To Umma, na ji,” idonka na kan waya. Ita takarda dole ka ajiye wayar kafin ka karanta ta.

Magana ɗaya ce ta kawo ni, kuma ka san ta. Ranar da muka dawo daga dubiya a Gama, kai ne a sitiyari, ina gefenka, Rukayya na baya da Ummi a cinya. Muka zo fita daga lungu zuwa babban titi, wani mai farar mota ya tsaya, ya zuro hannu ta taga ya yafito ka. Ka ɗaga masa naka ka ce, “Na gode, Alhaji,” ka taka mota. Wuyanka nake kallo, Kamalu, ko motsi bai yi ba. Sai ga a-daidaita-sahu ya ɓullo ta gefen motar Alhajin a guje, ya kauce mana da ƙyar, matan da ke ciki suna ta salati. Ummi ta bugu da bayan kujerata ta callara ƙara. Da na dube ka, abin da ka ce shi ne, “Umma, ai shi ya ce in fito.”

Tun ranar maganar nan take cina. A wurin na ce Rukayya da Ummi ba za su shiga motarka zuwa Inugu ba, ka tafi kai kaɗai, su bi ka a jirgi daga baya. Na ga ranka ya ɓaci, na ga ita ma Rukayya ta sunkuyar da kai, don tana so ku isa sabon gida tare. Na san in na ce a'a ba za ka ƙetare ba, shi ya sa kalmar take yi mini nauyi. Ban janye ba tukuna. Karanta har ƙarshe, za ka ga abin da zai sa in janye.

Ba na cewa ba ka iya mota ba. Hannunka yana da laushi a sitiyari, ba ka gudu, ba ka zagi. Matsalarka inda ka koya. A unguwar nan ka koya, inda titi yake da faɗi, itatuwa sun yi inuwa, kuma duk motar da ta taho ka san gidan da ta fito. Wannan na gidan Alƙali ne, wancan direban Dakta ne. Kowa yana tsaya wa kowa don gobe za a haɗu a masallaci ko wurin ɗaurin aure. Ka tashi kana zaton haka duniya take tuƙi. Ni kuwa na bi mahaifinka, Allah ya ji ƙansa, duk garin da aikin gwamnati ya jefa shi, kuma ni ce mai kai ku makaranta da kasuwa da asibiti, don shi bai taɓa son sitiyari ba. Kowane gari da irin tuƙinsa, kuma kowanne sai da ya koya mini hankali.

Bari in fara da namu, kada ka ce ina zagin garin mutane. Bakano in ya zuro maka hannu ta taga, gaisuwa yake yi. Ya ga motarka mai kyau ce, ya ga hula a kanka, ya ga dattijuwa a gefenka, kunya ta kama shi ya tsaya. Mutuncinka ya duba, titin bai duba maka ba, kuma bai ce ya duba ba. Da za ka tsayar da Alhajin nan na Gama ka tambaye shi, “Ka ga mai a-daidaita-sahun?” cewa zai yi, “Wane? Ni dai na ba ka hanya.” Kuma gaskiyarsa. Tasa hanyar ya ba ka, wadda motarsa take kai. Ragowar titin ba na ubansa ba ne balle ya yi kyauta da shi.

Ni ma da haka na tashi, da wannan yardar na isa Jos ina amarya. A can na koyi mota, wurin maƙwabciyarmu Madam Saratu, malamar makaranta ce 'yar wajen Zariya. Ban taɓa ganin masu ladabin tuƙi irin mutanen Jos na wancan lokacin ba. Ba hon, ba tsawa. In ka tsaya a mahaɗa sai ku yi ta “bismillah, wuce,” “a'a, ke fara,” kamar masu shiga ɗakin suruki. Na saki jiki na ce na zo garin mutanen kirki.

Wata rana da hantsi muna hawan wani tudu a bayan gari, ni da Madam Saratu, mun sayo dankali. Gingimari na gabanmu ɗauke da itace, tana nishi, hayaƙi ya cika mana mota. Direban ya zuro hannu ya yi mini alama in wuce. Madam Saratu ta ce, “Dakata tukuna.” Na ce, “Haba Madam, mutumin yana sama, ya fi mu ganin hanya.” Na fita na jera da shi. Muna tsakiyar jikin motarsa wata ƙaramar mota ta ɓullo daga kan tudun. Gaba ba hali, baya ba hali. Na karya kan motar muka gangara cikin gonar wani, dankali ya watse har kan gilas, goshina ya daki sitiyari. Tabon nan da kuke tsokanata da shi kuna yara, kuna cewa Umma ta yi dambe, can na samo shi.

Direban ya tsaya, ya sauko da gudu yana hawaye, dattijo ne mai furfura. Yana ta cewa, “Wallahi 'yata, lokacin da na ɗaga hannu ba kowa.” Na yarda da shi har gobe. Lokacin da ya ɗaga ba kowa. Amma shi bai san ƙarfin motata ba, bai san sabuwar hannu ce ni ba, bai san zan ɓata lokaci ina gardama da Madam kafin in fita ba. Ya auna hanyar da tasa motar da nasa hannun. Don haka in ka hau hanyar Lokoja ka samu kanka a bayan tirela, direban ya kunna maka sigina ko ya yafito ka, ka gode masa a zuciyarka ka ci gaba da zama a bayansa har sai idonka ya ga kwalta fetal. Wanda ya fi kowa kyakkyawar niyya shi ya tura ni gona.

Daga Jos aka mai da mu Legas. Nan kuma sai na ga wata duniya. Ba mai zuro maka hannu, sai dai in zagi zai yi da shi. Ranar farko da na fita kai yayyenka makaranta, na tsaya a bakin babban titi ina jiran wani ɗan albarka ya ba ni hanya, irin na gida. Na jira, na jira. Na bayana suka cika unguwa da hon, wata mata ta sauko daga motarta ta zo ta ƙwanƙwasa mini gilas tana faɗa da yarensu, tana nuna titi tana nuna kaina. Ban ji ko kalma ba, amma na gane tambaya take ko lafiyata ƙalau. Na koma gida na ajiye makulli na ce wa mahaifinka garin nan ba Musulmi ba Kirista, duk 'yan dambe ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki.

Sannu a hankali na gane su. Zan faɗi gaskiya ko da ba daɗi: a iya sarrafa mota ban ga kamar direban Legas ba. Masu motocin hayar nan ruwan ɗorawa za su shige tsakaninka da gada, ka rantse sun kwashe maka madubi, ka duba ka ga ko ƙura ba su share ba. Ba sa ba ka hanya, amma in ka sa hancin motarka da gaske sun gan ka, sun lissafa da kai. Ba mai yi maka alkawari, don haka ba mai saɓa maka. Har na fara jin daɗin abin.

Sai rana ɗaya, da damina. Ruwa ya kwana yana zuba, titin da nake bi ya zama tafki. Motoci sun tsaya a bakin ruwan kowa yana tunani. Wani mutum cikin kwat, a mota mai tsada, yana gabana. Ya matsa gefe, ya sauke gilas, ya yi murmushi ya yafito ni in wuce. Wallahi Kamalu sai da na ji ƙwalla. Na ce ashe akwai 'yan halak a garin nan, ya ga mace da yara ya tausaya. Na ɗaga masa hannu na shiga. Ban yi nisa ba ruwa ya shafe fitilu, inji ya yi tari ya mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙasan ƙofa, yayyenka suka ɗage ƙafafu suna kuka. Na waiga. Mutumin ya leƙo yana duba inda ruwan ya kai a jikin motata, ya gyaɗa kai, ya juya tasa ya bi wata hanya. Zurfin ruwan yake son sani, ya auna da ni.

Har yau in na tuna murmushin mutumin nan sai raina ya ɓaci. Abin da nake so ka riƙe shi ne, in kana garin da ba a saba ba da hanya ba, wani ya ba ka, ka tambayi kanka me ya gani a gaba da ba ya son ya fara isa. Ko rami ne, ko ruwa, ko masu tare hanya. Ba laifi ba ne ka yi murmushi kai ma, ka nuna masa ya fara.

Mahaifinka bai taɓa yarda da wannan halin nawa ba. Yakan ce, “Ke dai Hajiya kowa mugu ne a wurinki. In mutum ya yi miki kirki sai kin bincike aljihunsa.” Nakan ce, “Alhaji, ban ce mugu ba ne. Cewa na yi ba a kujerata yake zaune ba, kuma ba 'ya'yansa ne a baya ba.” Sai ya ce, “To ai shi ke nan, Allah ya ba ki haƙuri, ja mu je.” Kai halinsa ka ɗauko, na yarda da mutane, kuma ina son ka da shi. A wurin aiki ka yarda da mutane, a unguwa ka yarda da su. Shi ya yi ta yardarsa lafiya lau ne don a kujerar gefe ya yi rayuwarsa, ni nake duba masa titi.

Yanzu ga garin da za ka. Mun zauna a Inugu kafin a haife ka. Direbobin gabas akwai zafin nama, akwai sanin mota. Mutum zai ji ƙarar injinka daga nesa ya gaya maka abin da ke damunsa. Gudu kuwa kamar an biyo su. Kuskurena a can daban ne, don lokacin na daina yarda da hannu, sai na koma yarda da bin bayan wani. Hanyar da muke bi zuwa wani gari duk ramuka ce. Na ga wata doguwar bas ta fasinja tana tafiya ba ta ko rage gudu, na ce wannan kullum yana bin hanyar, ya san kowane rami, bari in manne masa. Inda ya karkata in karkata, inda ya miƙe in miƙe. Na ji ni gwana. Can ya bi ta kan wani rami ya sa shi tsakanin tayoyinsa, shi ko a jikinsa, don motarsa doguwa ce mai faɗi. Ni ban ga ramin ba sai da na ji ni a ciki. Taya ta fashe, ƙarfen ƙafar motar ya lanƙwashe, haƙorina ya datse harshena.

A nan zan yi musu adalci. Kafin in gama salati motoci sun tsaya, maza sun fito sun ɗaga motar da hannu sun fitar da ita, wani ya kwanta a ƙasa da fararen kayansa ya canja taya, ko sunansa bai tsaya na tambaya ba. A Kano da an taru, da an yi ta “sannu Hajiya, Allah ya tsare gaba,” amma masu kallo sun fi masu kama aiki yawa. Sai dai duk kirkinsu bai mayar mini da ƙafar mota ba. Kada ka bi bayan kowa don kana ganin ɗan gari ne. Bar tazara yadda za ka ga kwaltar da tayarka za ta taka. Kuma wannan labarin nawa ma ya tsufa, ban san yadda suke tuƙi yanzu ba. In ka isa, ka yi kwanaki kana kallonsu kafin ka ce ka gane su.

Akwai kuma mutanen yammacin nan namu, wajen dangin mahaifinka, da za su taka birki a tsakiyar titi don sun hango aboki, a sauke gilas a tambayi gida da gona da jikin tsohuwa, kai kana baya kana cin birki. Waɗannan ba a hanyarka suke ba, na dai faɗa ne don ka san ko'ina da tasa. In ka ga motar gabanka ta rage gudu ba dalili, ka ɗauka akwai dalilin, kai ne ba ka gan shi ba.

Sannan abin da na hana ka karɓa, kada ka bayar. Na sha ganinka a bakin kasuwa kana tsayawa kana yafito masu tsallaka titi, tsofaffi da mata masu goyo, kana jin daɗi a ranka. Tsayawar ta yi kyau, Allah ya ba ka lada. Hannun ne ba na so. In ka yafito tsohuwa, ta daina duba hanya, ta dogara da kai, alhali ba ka da iko da ɗan acaɓan da ke tahowa ta gefenka. Ka tsaya cak, hannuwanka biyu a kan sitiyari, ka bar ta ta duba da idonta. In ta ga kamar ba ka da fara'a, ba komai, ta dai isa gida.

Na san abin da kake cewa a ranka yanzu, don ni na haife ka. Kana cewa, “Duk wannan wa'azin, ai ita ma Umma kullum ita take fito da ni daga get.” Gaskiya ne. Tun ranar da ka karɓi lasin, duk safiya ina biyo ka har bakin titi, saboda katangarmu da bishiyar darbejiyar nan suna tare wa mai fitowa gani. Maigadi yana nan, amma ban taɓa yarda da dubawarsa ba, kunnensa na rediyo. Ni nake tsayawa in duba hagu in duba dama in ce maka fito, kai kuma ka fito ko waige babu. Shekara da shekaru muna haka. Da na zauna ina tunanin abin da ya faru a Gama, ina neman wanda ya koya maka fita a kan hannun wani, ban yi nisa da nema ba.

To saurara, auta. Ka tuna kwanakin baya da na ce ka fito, sai ga mai ruwa da kurarsa ta hagu, ka ci birki har jarkokinsa suka yi tsalle? Ka ce, “Umma, ba ki gan shi ba?” Na ce, “Na gan shi mana, gwada ka nake yi.” Ka yi dariya ka wuce. Ban gan shi ba, Kamalu. Idona na hagu ya daɗe da yin hazo, yanzu in na rufe na dama ko fuskarka ba na rabewa, sai dai inuwa. Na je an duba, likita ya ce yanar ido ce, sai an yi aiki, kuma ta fara taɓa ɗayan. Ajiye makullin da na yi bara na ce muku gwiwa ce, gwiwata lafiyarta ƙalau. Na ajiye mota don na san ba na gani, amma na kasa ajiye tsayuwar bakin get, don ita kaɗai ta rage mini a cikin abin da nake yi maka. In ka fita a kan hannuna sai in ji har yanzu ina da amfani.

Ka ga ke nan. Ba wanda yake son ka a duniyar nan kamar ni. Ba na jin kunyar hularka irin Alhajin Gama, ba na neman auna ruwa da kai irin mai kwat ɗin Legas. Da za a ce in kwanta a titi motarka ta bi ta kaina ka tsira, da na kwanta. Duk da haka rabin titi nake gani, ina ɗaga maka hannu, kana fitowa da jikata a baya. In hannuna haka yake, to na wa za ka yarda da shi tsakanin nan da Inugu?

Kada ka zo ɗakina da jajayen idanu kana cewa ka fasa tafiya. Ba ka fasa ba. Yayarka ta sani tun jiya, ta yi faɗanta ta gama, ita za ta kai ni asibiti bayan kun tafi, kuma likitan ya ce aikin ba wani abin tsoro ba ne. Ko da yake shi ma ban gama yarda da shi ba, na sa a bincika mini shi.

Ga sharaɗina. Ranar tafiya ku loda kayanku, Rukayya ta shiga, a ɗaure Ummi a kujerarta ta yara, ba a cinya ba. Zan fito bakin get kamar kullum, in tsaya ta gefenka inda idona mai kyau zai same ka. Zan ɗaga hannu. Sallama ce nake yi muku, ba cewa nake ka fito ba, don ban san abin da ke tahowa ba. Titi ba zan kalla ba, wuyanka zan kalla. In na ga ka turo hancin mota a hankali, ka tsaya, ka duba hagu, ka duba dama, ka sake duba hagu, alhali hannun uwarka yana sama, to ku tafi gaba ɗayanku da albarkata. In kuwa ka fito don ka ga hannuna, wallahi zan sha gaban motar, a sauke mini takwarata da uwarta.

Na san za ka iya yi don ganin idona, ka manta kafin ku kai Kwanar Dangora. Na yi tunanin wannan ma. Na gaya wa Rukayya ta riƙa kallon wuyanka a kowace mahaɗa, kuma ta yi mini alkawari. Yarinyar kirki ce, amma tana son ka da yawa, za ta iya rufa maka asiri, don haka da Ummi ta fara magana sosai ita zan riƙa tambaya.

Ku tashi da wuri, kada ku yi tafiyar yamma. In ka gaji ka tsaya a inda mutane suke. Ka yi addu'ar hawa abin hawa kafin ka tayar da inji, ba bayan ka hau titi ba.

Allah ya kai ku lafiya, ya kare ku daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, da gangancin wasu da kirkin wasu. Ya tsare gabanku da bayanku, damanku da hagunku, ya gane muku abin da idonku bai kai ba. Ya raya mini Ummi, ya yi muku albarka kai da Rukayya. Ya sa in an buɗe mini idon nan, motarka ce farkon abin da zan gani tana shigowa get, ba ko ƙwarzane a jikinta. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarka.